Neman shawara: yaya zan ba ɗalibai labarin allolin Girkawa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da tarihi a wata sakandare, ranar Laraba kuma zan yi wa 'yan aji biyar bayanin yadda Girkawan zamanin da suka ɗauki asalin duniya. Abu biyu ne ya sha mini kai. Sunayen sun cakuɗe mini, wannan ya auri uwarsa, wancan ya auri ƙanwarsa. Ga kuma abin da Kronos ya yi wa ubansa, wanda bakina ba zai iya faɗarsa gaban yara mata ba. Ina mafita?

Wani ɗan uwa:
Malam, ka ɗauke shi rikicin gadon sarauta hawa uku: kaka, uba, jika. Mawaƙi Hesiyod ne ya jera shi wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da farko akwai Kaos, wato wani wagegen sarari da ba komai a ciki. Sai Gaya, ita ce Ƙasa. Ta haifi Uranos, wato Sama, ya zama mijinta, suka haifi alloli 12 da ake kira Taitan, Kronos ne autansu. Uranos ya tsani 'ya'yansa, yana danne su a cikin uwar, ita kuwa ta gaji ta ƙera lauje ta miƙa wa auta. Zana sunaye uku kawai a allo, Uranos, Kronos, Zeyus, sauran ka rataya su a gefe.

Wata malama:
Malam, kar ka wahalar da kanka. Ka ce Kronos ya yi wa ubansa lahani da lauje ya karɓe mulki, ka wuce. Na koyar da wannan darasi, ba wanda ya tsaya tambayar wane irin lahani. Inda aji ke kacamewa shi ne wurin haɗiye 'ya'ya. An gaya wa Kronos ɗansa zai tumɓuke shi, sai ya riƙa haɗiye duk jaririn da matarsa Reya ta haifa, har biyar. A na shida ta naɗe dutse cikin zanen goyo ta miƙa masa, gogan naka ya haɗiye bai ko duba ba. Jaririn, Zeyus, aka ɓoye shi a kogo a tsibirin Kirit. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko Kronos ba ya tauna abinci ne.

Wani dattijo:
Ɗana, ka fara da gaya musu tatsuniyar mutanen da ce, kamar ta Gizo da Ƙoƙi, kada wani yaro ya je gida ya ce malam na koyar da shirka. Kuma kar ka manta yaƙin shekara 10 da Zeyus ya yi da su Taitan kafin ya jefa su ramin Tartaros.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Malama. To 'ya'ya biyar ɗin da ya haɗiye fa?

Wata malama:
Ya amayo su da ransu, dutsen ne ya fara fitowa.