Jakata ta kai kilo 23, me zan cire dan Allah?

Sabon_shiga:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka saba kwanan daji da hawan dutse. Mu huɗu ne zamu tafi ƙarshen watan nan, yini uku kwana biyu, kuma ni wannan ne karona na farko. Wanda zai ja mu yace ranar farko tafiyar kilomita 14 ce kuma akwai hawa kamar mita 900. Jiya na haɗa komai na ɗora jakar a sikeli sai naga kilo 23, ni kuma duka nauyina 62 ne. Na goya ta na ɗan zagaya minti goma kawai wallahi kafaɗata kamar zata cire. Abin da ke ciki: tanti mai cin mutum huɗu (ni na yi karambani nace zan ɗauka), bargo biyu, filo, wandon jins uku, riguna biyar, babban tawul, tukunya da kasko, ƙaramin risho na gas, abincin gwangwani takwas, ruwa lita 5, babbar tocila, sifika, ɗan gatari, sai sabon takalmi da na sayo ko sawa ban yi ba ina adana shi sai ranar. Duk wanda na ɗaga zan ajiye sai zuciyata tace to idan aka buƙace shi fa? Me zan cire, me na manta?

Baba_Mai_Tanti:
Wa alaikumus salam ɗana. Na yi dariya sosai da naga gatari da sifika, kar ka ji haushi, duk mun yi irin wannan. Abin da masu wannan harka suka saba faɗi shi ne kar jaka ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin mai ɗaukar ta, kaga kai naka ya kama kilo 12 da ɗan wani abu kenan, to ka kusa ninka shi. Ba doka bace amma jiki magayi, a kilomita na uku zaka gane.

Tantin nan ba kai kaɗai zaka kwana a ciki ba, ku raba shi: wani ya ɗauki sanduna da turaku, wani rufin sama, wani na ciki. Tukunya ɗaya ta ishe ku ku huɗu, kasko ya zauna a gida. Gwangwani rabinsa ruwa ne da ƙarfe kuma bayan ka cinye dole ka dawo da shi a jaka, gara busasshen abinci wanda ruwan zafi kawai yake so, da abin da zaka dinga jefawa a baki kana tafiya ba sai ka tsaya ba. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ce cif, wato kilo 5 na jakarka ruwa ne. Ka tambayi mai jan ku ko akwai ƙorama ko marmaro a hanya kuma ko yana da tabbacin bai ƙafe ba a wannan lokacin, in akwai lita 2 zuwa 3 ta ishe ka tsakani, ka dinga cikawa. In babu to ruwan nan ba'a taɓa shi, sai dai ma ƙari, komai ka cire amma banda shi.

Sai yadda ake shirya jakar, nan ne mutane da yawa suke cutar kansu. Da farko ka zura babbar baƙar leda mai kauri a ciki sannan ka zuba kaya a cikin ledar, don babu jakar da ruwan sama ba ya shiga in ya daɗe yana zuba. Abin kwanciya a can ƙasa tunda sai dare zaka neme shi. Masu nauyi, abinci da ruwa da tukunya, a tsakiya kuma manne da bayanka, in ka sa su nesa da baya ko can sama jakar zata dinga fizgarka baya duk takun da ka yi, a kan dutse kuma wannan haɗari ne. Rigar ruwa da kayan magani da tocila a sama inda hannu zai kai cikin sakan biyar. Kuma kafaɗar da kake kuka da ita, ina kyautata zaton baka ɗaure maɗaurin ƙugu ba. Shi ake fara ɗaurewa, ya hau kan ƙashin ƙugu ya kama tamau, sannan ka ja na kafaɗa. Ƙugu ne yake ɗaukar yawancin nauyin, kafaɗa riƙo kawai take yi. In jakarka bata da wannan maɗaurin, irin ta 'yan makaranta ce, ka aro wata.

Maganar lokaci, akwai wani lissafi na wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, tun 1892: awa ɗaya a duk kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya a duk hawan mita 600. Naku ya kama awa huɗu da minti ashirin, amma fa wannan ba hutu a ciki kuma na mai ƙarfi ne, ku da kaya kuma sababbi ku sa awa shida ko fiye. Ku fita da sassafe, kafa tanti cikin duhu a karon farko ba abin da zan so wa maƙiyina bane.

Yar_gidan_dutse:
Baba ya gama magana kan nauyi, ni kuma tsorona kar ka cire ka cire har ka cire abin da zai rufa maka asiri da dare. Ƙanena sanyin saman dutse daban ne. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi, ga iska ga raɓa, to wurin da kuka bar mota kuna gumi ba shi ne wurin da zaku kwana ba.

Bari na baka labarina. Fitata ta farko na tafi da bargo mai kauri ina ta alfahari, wata a cikinmu ta ɗauro wata siririyar katifar soso a bayan jakarta ina ce mata wannan kuma ta mece ce sai kace mai ƙaura. Ƙarfe biyun dare na farka haƙorana suna haɗuwa, bayana kamar an ɗora shi kan ƙanƙara, na lulluɓa ta sama amma ƙasa tana ta zuƙe ɗumin jikina ta ƙasan tantin. Na juye kayan jakata na shimfiɗa jakar na kwanta a kai, na sa ƙafata cikin leda, duk da haka ban runtsa ba har gari ya waye, ita kuwa baiwar Allah har da minshari. Tun ranar katifar nan ita nake fara ɗaurewa, nauyinta bai kai rabin kilo ba. Bargo biyun ka ajiye ka nemi jakar barci, irin wadda mutum yake shiga ciki ya kwanta, ko aro ne. Zaka ga yawanci an rubuta lambobin sanyi har uku a jiki, ta farko ita ce wadda zaka yi barci cikin daɗi, ita zaka duba. Ta ƙarshen nan mai ban sha'awa ma'anarta kawai ba za ka mutu ba, ba wai zaka yi barci ba. Filo kuma ka cusa kayan sawarka a jakar tanti ka tada kai.

Jins ko ɗaya kar ka tafi da shi, haka rigunan auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kana tsayawa hutu iska ta buso sai ka ji sanyi har ƙashi, jins in ya jiƙe kuma sai ya wuni bai bushe ba ga goge cinya. Irin rigunan 'yan ƙwallo masu santsi sun fi, suna bushewa nan da nan. Kaya kala biyu sun isa, na tafiya da na barci, na barcin yana cikin leda ba ka taɓa shi sai dare komai rintsi. Da safe ka maida na jiya ko da ɗanshi, eh ba daɗi, minti goma ka manta. Ka ƙara suwaita ɗaya, hular sanyi, rigar ruwa, safa ƙafa uku masu kauri in da hali na ulu.

Sabon takalmin nan kuwa dan girman Allah ka fara sa shi daga yau, ka je ko'ina da shi, har da goya jakar ka hau bene ka sauko. In ka bari sai ranar, kafin azahar dunduniyarka ta yi bororo. Kuma ka yanke farcen ƙafa, a gangara ne zaka gode min.

Sauki_kawai:
ni fa gaskiya duk wannan dogon lissafi ne, jakata bata wuce kilo 8 ko kwana uku zan yi. ka manta da tanti ka ɗauki tamfol da igiya shikenan, tocila ma ta me? waya tana da fitila tana da taswira tana da kamfas, fawa banki ɗaya ka gama. GPS ko babu sabis yana aiki in dai ka sauke taswirar tun a gida, ka sa wayar a yanayin jirgi caji zai kai ka. mutane suna ɗaukar tsoronsu ne a baya ba kaya ba

Baba_Mai_Tanti:
Sauki_kawai maganar sauke taswira da yanayin jirgi gaskiyarka, ya yi hakan. Amma kai ka saba, shi ko ɗaurin igiya bai iya ba, tamfol a hannun sabon shiga ranar da aka yi ruwa da iska sai dai kuka, ga sauro ga kunama. Waya kuma abu ɗaya ne, ta faɗi kan dutse ka rasa fitila da taswira da hanyar kira lokaci guda, sanyi ma yana shanye batir. Ɗana babbar tocilar ka ajiye, ka nemi ƙaramar ta goshi da batir na ajiya, hannunka biyu suna sake. Taswirar takarda ko da ɗaya a cikinku, da usur a rataye a maɗaurin jakar kowa, don muryar mutum bata zuwa ko'ina a daji.

Malam_Nas:
Nawa ɓangaren lafiya ne. Ruwan ƙorama komai haskensa kar ku sha haka. Ku tafasa, in ya fara ɓararraka ku bar shi minti ɗaya cikakke, in wurin ya haura mita 2,000 minti uku. Ko ku tafi da ƙwayar kulorin ta tsabtace ruwa, ita kuma ana jira aƙalla rabin awa, ku karanta abin da aka rubuta a jiki don kala-kala ce, in ruwan ya yi duhu ku fara tace shi da tsumma mai tsabta. Gudawa a wurin da mota bata zuwa ba ƙaramin tashin hankali bane, shi yasa ORS, garin gishiri da suga na masu gudawa, ƙunshi uku ko huɗu bana barinsa.

Kayan magani ba sai akwati ba, ƙaramar leda mai zif: filasta mai kama jiki sosai, bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol, hantsaki, man sauro, da duk maganin da mutum yake sha kullum. Mai asma ko ciwon suga ya faɗa wa sauran tun kafin a tashi kuma ya nuna musu aljihun da maganin yake. Filastar nan da ka ji wani wuri a ƙafa ya fara zafi ka tsaya ka manna a take, kar ka ji kunyar tsayar da mutane.

Abu ɗaya da nake roƙonku: kar a kunna risho ko a shigar da garwashi cikin tanti ko da ana tsuga ruwa. Iskar da yake fitarwa bata da wari bata da kala, mutum zai ji ciwon kai da barci ne kawai alhali tana iya kashe shi, kuma yadin tanti ba ya wasa da wuta. Laita biyu a wuri daban-daban da ashana a leda. Kar ku kafa tanti a busasshen rafi don yashinsa yana da laushi, ana iya yin ruwa can sama ku baku sani ba. Takalmi ku kakkaɓe shi da safe kafin a zura ƙafa. Bayan gida kuma ku yi nisa da ruwa kamar taku 70, a tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 a rufe, ƙaramin shebur na roba ɗaya ya ishe ku, da tishu da sabulu ko man goge hannu, da ledar shara don duk abin da kuka kai ku zaku dawo da shi. Sannan ku bar wa wani a gida hanyar da zaku bi da ranar dawowa da lokacin da in bai ji ku ba ya fara nema.

Sabon_shiga:
Kai jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na zazzage komai a ƙasa na sake. Gatari, sifika, filo, kasko, bargo, jins, gwangwani duk sun fita, tantin mun raba uku sanduna ne rabona, na aro jakar barci da katifar soso. Baba gaskiyarka maɗaurin ƙugun ashe a baya na ƙulle shi don yana reto yana damuna, yau da na ɗaura shi daidai sai naji kamar an cire rabin kayan. Mai jan mu yace akwai marmaro wajen kilomita na takwas kuma ya ganshi yana gudu kwanan nan, don haka lita 3 zan ɗauka. Yanzu sikeli yace 14 da rabi. Anti takalmin yana ƙafata yanzu haka, na hagu ya fara cizona a dunduniya, na ci gaba da sa shi ko na koma tsohon kambas ɗina da ƙasansa ya ɗan side?

Yar_gidan_dutse:
Kambas mai sidadden ƙasa a kan jiƙaƙƙen dutse a'a. Ka manna filasta a wurin, ka sa safar da zaka tafi da ita, ka ɗaure igiyar har ramin ƙarshe na sama don dunduniyar ta daina motsi a ciki, ka bashi sati ɗaya. In har lokacin yana cizo ka dawo ka faɗa mana. Babban tawul ɗin fa, ban ji ka ambace shi cikin waɗanda suka fita ba.