Abin da na tsinta a muhawarar mugu da kimiyya a fim

Jiya mun daɗe muna tafka muhawara kan wani fim mai dogon zango na sararin samaniya, ga abin da na tsinta. Yawanci sun ce matsalar mugun ita ce ba shi da dalili, kawai so yake ya tarwatsa duniya, to don me? Wata ta ce kafin ka soki mugu ka tambaya me yake tsoro, me ya rasa, in babu amsa to marubutan ne suka yi lalaci. Na yarda da ita wallahi, mugun da ke ganin shi ne mai gaskiya ya fi tsinka zuciya, musamman in ya zuba wa jarumin ido shiru ba dogon surutu.

Ɓangaren kimiyya kuma aka ce kar a tsananta, a dai duba ko fim ɗin ya bi dokar da ya kafa wa kansa. Ƙarar fashewa a sararin samaniya alhali babu iskar da sauti zai bi, wannan an ce a yafe. Amma hira kai tsaye daga nan duniya da wanda ke duniyar Mars ba mu yafe ba, don saƙon rediyo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya iso, kuma masu fim ɗin da bakinsu suka faɗi haka a farko sannan suka manta.