Neman kalmar Hausa: me za mu kira dayari?

Uwargida, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, ina neman taimako. Shekara tara ke nan ina da littafin da nake rubuta abin da ya gudana a gidana: ranar da autana ya taka ƙafa, maganar da yaro ya yi ta ba ni dariya, kuɗin kwanon gero a watan azumi, har da ɓacin ran da ban faɗa wa kowa ba. A cikinsa nake ɗebo mafi yawan abin da nake sakawa a gajerun labaraina. Yanzu ina rubuta labarin wata yarinya mai irin wannan littafin, da na zo wurin ambaton sunansa sai alƙalami ya tsaya, ba abin da ke zuwa bakina sai dayari. Jiya kuma 'yata mai shekara 11 tana rubutu a nata, kakarta ta leƙo ta ce, "Mi kika rubutawa haka, ba hutu anka ba ku ba?" Yarinya ta ce dayari ne. Tsohuwa ta ɗauka wani darasin boko ne, ta wuce abinta. Abin ya tsaya mini a rai, domin da an faɗa mata da Hausa na san za ta zauna ta ce a karanta mata.

Ɗalibi, jami'ar Ɗanfodiyo:
Wa alaikumus salam Anti. Ai littafin sirri ake cewa, haka na saba gani a labarai.

Uwargida, Mabera:
Na gode ƙanena, na yi tunaninsa. Amma nawa ba sirri ba ne, daren Juma'a nakan karanta wa yara abin da na rubuta a kansu suna jarirai, suna ta ƙyalƙyala dariya. Kuma ka duba gidan aure. Mace ta ce tana da littafin sirri a ƙarƙashin katifa, wace fitina ce ba za ta taso ba? Ba na son sunan da zai sa uwa ta hana 'yarta rubutu.

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa:
Hajiya, ni a ganina a bar shi dayari. Mota da tebur da makaranta duk mun zauna da su lafiya.

Malamar Hausa, Arkilla:
Alhaji, makaranta dai tamu ce, daga karatu ta fito, kamar yadda masallaci ya fito daga salla. Mota da tebur kam aro ne, kuma aro ba laifi ba ne. Matsalar ita ce Hausa ta riga ta ba dayari wani aiki. Ka ce wa yaron shagonka ya miƙo dayari, me zai ɗauko? Littafin nan mai baƙin bango da kamfanoni ke rabawa a farkon shekara, wanda ake rubuta bashi da lambobin waya a ciki. Abin da Hajiya ke nufi dabam ne: mutum ya zauna shi da ransa ya rubuta yadda wuninsa ya kasance.

Malam, Kanwuri:
Salamu alaikum. Larabawa yaumiyyat suka cewa ga abin da aka rubutawa rana bi rana, muzakkirat kuwa ga wanda mutum ya rubuta daga baya yana tuna rayuwatai. Ana iya aro, amma ni ban ga dalili ba, don muna da tamu kalma. Wanga abu da kuka nema, kundi na. Mahaihina, Allah shi jiƙan shi, shina da kundi cikin gafaka, takardu warwara an ɗaure da tsirkiyar fata. Ciki akwai addu'o'i da fa'idojin da malamansa sunka ba shi, amma ga gefen takardun ya rubuta ranar da anka haifi kowane ɗa nai, da ranar da wane ya rasu, da shekarar da gulbi ya ci gonaki. Ni kaina can nis san ranar haihuwata, da ajami, da watan Musulunci. Mutanen garin ga na Sakkwato ba baƙin sa kwanan wata ga rubutu ba ne. Ku duba waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da na sauran malaman jihadi: sau da yawa sukan cika waƙa da ramzi, haruffan da in ka lissafa su za su ba ka shekarar Hijira da anka yi ta. Wanda duk ka shakka shi tai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu shi ga takardu da idonai.

Uwargida, Mabera:
Allah ya gafarta Malam, wallahi ka taɓa mini zuciya. Kakana ma yana da shi, kuma ban taɓa haɗa shi da abin da nake yi ba. Sai dai ina da tsoro ɗaya. A wurin mata da yawa, da an ce kundi sai hankali ya tafi ga laƙani da asiri.

Malamar Hausa, Arkilla:
Wannan tsoron ya ragu ƙwarai, Yaya. Kalmar ta daɗe da fita daga gafaka. Kullum rediyo na cewa kundin tsarin mulki na 1999, ɗalibai na rubuta kundin digiri, 'yan jarida na cewa wane ya shiga kundin tarihi. Abin da ya haɗa su duka shi ne tarin rubutu da aka adana don a koma masa. Saura mu samo abin da za mu jingina masa. Kada dai a kawo daftari, shi ma an ba shi aiki, rubutun farko ne da ba a tace ba. Ni na kawo kundin kullum. Yana da daɗi a baki.

Ɗalibi, jami'ar Ɗanfodiyo:
Malama, ashe akwai magabata da suka yi irin wannan rana bi rana a ƙasar nan? Na ɗauka Turawa suka kawo.

Malamar Hausa, Arkilla:
Akwai. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke jihar Adamawa ta yanzu, ya sa an riƙa rubuta masa al'amuransa da Larabci daga 1912 zuwa 1927. Akwai abubuwa masu ɗaci a ciki, har da hare-haren kamun bayi da ya aika a yi, kuma saboda an rubuta su da ranakunsu ne masana tarihi ke dogara da shi har yau.

Uwargida, Mabera:
Kundin kullum ya yi daɗin faɗi, amma ni zai riƙa tuhumata. Lokacin da na haifi autana na yi wata huɗu ban rubuta ko harafi ba. Mai goyo da girki da aiki ba ta iya alkawarin kullum, kuma na san mata da yawa da suka jefar da nasu don sun tsallake mako biyu sun ga kamar sun karya doka. Tun ɗazu wata kalma ke yawo a kaina: kwana. Da ita Bahaushe ke ƙirga rayuwa. Muna cewa kwanan wata, an kwana biyu, mai sauran kwana, kwana ya ƙare. Abu na farko da nake sawa a kan shafi shi ne kwanan wata, na boko da na Musulunci yadda fadar Sarkin Musulmi ta sanar da tsayuwarsa. Kuma da dare nake rubutun, bayan yara sun yi barci. Me kuka gani game da kundin kwana?

Gwaggo, Rijiyar Ɗorowa:
Ɗiyata, tsaya. Ni mu ukku muka ga mijinmu. In kin ce kundin kwana gidanmu, kowa za ya ɗauka takardar rabon girki ta, wa ad da kwana yau, wa anka ci ma kwana. Kada ki sa ma ɗiya ƙanƙanuwa wanga suna ga littahinta.

Uwargida, Mabera:
Gwaggo, Allah ya saka da alheri, wannan ko kusa bai zo mini ba, kuma gaskiya ne. To in aka mai da shi jam'i fa? Kundin kwanaki.

Gwaggo, Rijiyar Ɗorowa:
Wanga kam ba ya da aibi. Kwanakin mutum na duniya.

Malamar Hausa, Arkilla:
Bari mu gwada shi a jimla, don nan ne kalma ke nuna ko za ta rayu. "Ta buɗe kundin kwanakinta ta rubuta." "Kada ka taɓa mini kundin kwanakina." "Malama ta ce kowa ya ajiye kundin kwanaki a wannan hutu." Duk sun zauna daidai. Ya ɗan yi tsawo, amma a cikin gida baki zai gajarce shi ya koma kundina, kuma ba a yi asarar komai ba. Na janye kundin kullum.

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa:
Na yarda. Nawa na shago dai yana nan dayari.

Malam, Kanwuri:
Hakanan ya kamata, Alhaji, kowane da aikinai. Abu guda nika roƙo ga Hajiya: ki koya ma yarinyar ta riƙa sa kwanan watan Musulunci kamar yadda kika yi. Jikokinta za su bukace shi.

Uwargida, Mabera:
In sha Allahu, Malam. Na gyara labarin, yanzu yarinyar cikinsa kundin kwanaki take ajiyewa a ƙasan akwatin kayanta. Da la'asar na ba 'yata alƙalami ta rubuta sunan a bangon nata, sannan na tura ta ɗakin kakarta. Tsohuwa ta ji kalmar kundi sai ta ajiye carbi ta ce a karanta mata. Da aka gama shafi biyu ta ce a buɗe sabon shafi, ta fara faɗin sunayen 'ya'yanta tara da watan da ta haifi kowanne, har da uku da suka rasu suna ƙanana, waɗanda ni kaina sunan ɗaya kawai na sani. Har aka kira magariba suna ciki, yarinya na rubutawa.