Me zan faɗa a jana'izar kakana?

Jikanya: Kakana ya rasu. Tsohon soja ne da ya zama fasto, kuma an ɗora mini nauyin ba da tarihinsa a majami'a. Daga ina zan fara?

Dattijon ikilisiya: Ubangiji ya ta'azantar da ku, 'yata. Ki bar zancen soja ga abokan aikinsa, hidimarsa kuma ga fastoci. Ke ki faɗi abin da jika kaɗai ta gani. Idan kina neman aya, 2 Timoti 4:7, wadda take magana a kan yin fama mai kyau da riƙe bangaskiya, ta dace da soja da mai wa'azi.

Wata uwa: Ni na ambaci yadda mahaifina yake goge takalmansa kowace Asabar da dare saboda sujada, al'adar bariki da bai taɓa bari ba.

Jikanya: Na gode, Baba da Mama. Sunayenmu duka suna bangon Littafinsa Mai Tsarki, da rubutun hannunsa.