Gwajin ranar da babbar cibiyar bayanai ta mutu

Malam Auwal: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga cibiyoyin bayanai biyu, ma'ajiyar ta farko tana tura kwafi zuwa ta biyu, allon sa ido kullum kore shar. Ta yaya za a tabbatar ta biyun za ta ɗauki aiki ranar gobara, ba tare da an tsayar da aikin yau ba?

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam Malam. Koren nan yana cewa ne kawai bayanai suna isa can, bai ce manhaja za ta tashi ba. Ka fara rubuta wa kowace manhaja lambobi biyu: RPO, wato bayanan minti nawa za a jure rasawa, da RTO, awa nawa za ta iya yi a kashe. Sannan kada ka yanke kwafin don gwaji. A ma'ajiya ta biyu ka ɗauki hoton bayanan, wato kwafin yadda suke a daidai wannan lokaci, ka fitar da tagwayensa da ake iya rubutu a kai, ka haɗa wa sabobin gwaji. A ma'ajiyar kamfanin NetApp aikin FlexClone ke nan, Site Recovery Manager na VMware kuma yana da maɓallin gwaji na musamman. Sharaɗi ɗaya: netwok ɗin gwajin ya zama a killace, babu hanyar fita. In ba haka ba adireshin IP zai yi karo da na gaske, ayyukan da aka sa wa lokaci kuma su sake tura saƙonni ko biyan kuɗi karo na biyu.

Malam Bashir: In ƙara a kan na Injiniya. Sau da yawa rumbun bayanai yana kan diski ɗaya, kundin mu'amalolinsa yana kan wani. Idan ba a sa su a rukuni guda da ake kwafewa a daƙiƙa ɗaya ba, can sai ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe da giɓi, wanda ya fi muni. Bayan ya tashi a gudanar da umarnin duba lafiyar rumbun, wato DBCC CHECKDB in SQL Server ne, ko pg_amcheck in PostgreSQL ne. Sai a duba lokacin mu'amala ta ƙarshe a kwatanta da lokacin da aka ɗauki hoton. Tazarar ita ce RPO ɗinka na gaskiya, ba wanda ke takarda ba.

Malam Auwal: To idan kwafin na lokaci guda ne, wanda rubutu ba ya kammala sai ya sauka a wurare biyu? Ai nan babu asara.

Injiniya Hadiza: Babu asarar bayanai, amma akwai farashi. Haske a faiba yana cin kusan mikrosakan 5 a kowace kilomita, don haka kilomita 100 ta ƙara milisakan 1 zuwa da dawowa a kan kowane rubutu. Abin gwadawa a nan shi ne yankewar layin da ke tsakani. Idan babu mai shaida a wuri na uku, wato na'urar da ke yanke wacce za ta ci gaba da aiki, kowace cibiya za ta iya ɗauka ita ce mai gari, a samu sarki biyu suna rubutu daban-daban. Ku zare layin da gangan a lokacin gyara, ku ga wacce ta ci gaba.

Hajiya Rabi: Ku tuna kwafi ba ajiyar baya ba ce. Wanda ya goge teburin bayanai bisa kuskure, ko manhajar garkuwa da bayanai, duk kwafin zai kai su can da aminci. A ranar 31 ga Janairun 2017 an goge rumbun bayanan GitLab, dandalin adana rubutun manhajoji, bisa kuskure, sai aka tarar ajiyar bayan da ake yi da manhajar pg_dump ta daɗe ba ta aiki saboda saɓanin siga, babu wanda ya lura. Wani hoto na awa shida baya ne ya cece su. Don haka a gwada dawowa daga hoton da aka kulle wanda ba ya goguwa.

Malam Bashir: Jerin tayarwa kuma: DNS mai fassara suna zuwa adireshin IP da Active Directory mai tantance masu shiga, sabar makullan ɓoye bayanai, rumbun bayanai, sannan manhajoji. Makullan nan su ake mantawa a cibiyar farko, diski ya iso lafiya amma a rufe. A rage TTL na DNS, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe tsohon adireshi, daga daƙiƙa 86400 zuwa 300 tun da wuri. Takardar matakai a buga ta, a ba wanda bai rubuta ta ba ya bi da agogo a hannu. Duk inda ya tsaya tambaya, nan gyara yake.

Malam Auwal: Sau nawa a shekara?

Hajiya Rabi: Na tagwaye duk wata uku, cikakken sauyi sau ɗaya a shekara.

Injiniya Hadiza: Hajiya, ni zan ƙara da duk lokacin da aka sabunta manhajar ma'ajiya ko aka ƙara sabon diski, don shi ne ake mantawa a sa a rukunin kwafi. Kuma Malam, ka gwada dawo da aiki gida. Idan hoton da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kai ya goge, sai an kwafe komai daga farko: terabait 10 a layin gigabit 1 ya haura awa 22, ko da layin ba ya ɗauke da komai.