Yini ɗaya a Fas: ta ina za a fara?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Mai yini ɗaya kacal a Fas ta Maroko, ya zai tsara yawonsa har ya ga Jami'ar Ƙarawiyyin?

Baffa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Mota ba ta shiga tsohon gari. Jar tasi ta sauke ki a ƙofar Bab Bujulud, sai ki bi Tala'a Kabira, hanyar gangara ce har kusa da Ƙarawiyyin, wadda Faɗima al-Fihriyya ta assasa a 859. Makarantar Bu Inaniyya na farkon hanya, ta Attarin kuwa dab da masallacin Ƙarawiyyin. Ki sa takalmi marar santsi, domin komowa hawa ce.

Malam Sani:
Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ba ta da nisa daga nan, can aka binne shi a 1815. A guji ranar Juma'a, yawancin shaguna a rufe suke. Taswirar waya kan rikice a lungunan nan, gara ɗan jagora mai lasisi, a yi ciniki tun kafin tafiya.

Baffa:
Majemar Shuwara kuma da safe za a je, kafin rana ta tayar da wari. Masu shago kan ba da ganyen na'a-na'a a riƙe a hanci.