Novo Nordisk da makomar kasuwar magani a Denmak

Malam Bashir: Jama'a, ni dai ina nan a kan bakana. Denmak ta jingina da bango ɗaya, bangon kuma ya fara tsagewa. Ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 6, amma a 2023 darajar kamfanin magani na Novo Nordisk kaɗai ta zarce abin da ƙasar kaf take samarwa a shekara. To ga shi a Satumban 2025 kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 9,000, kusan 5,000 daga cikinsu a gida. Daga nan kuma sai gangara.

Dakta Hadiza: Malam, ka haɗa abu biyu wuri guda. Farashin hannun jari daban, buƙatar magani daban. Masu ciwon sukari ba raguwa suke yi ba, ko a asibitinmu layinsu ya fi na kowa tsawo. Kusan rabin insulin ɗin duniya daga masana'antar kamfanin da ke Kalundborg a Denmak yake fitowa, garin da mutanensa ba su kai 20,000 ba. Tun 1923 Novo Nordisk suke wannan sana'ar, ba da Ozempic, allurarsu ta ciwon sukari da ke rage ƙiba, suka fara ba.

Malam Bashir: Likita, ai ba insulin ne ya kai su sama ba, allurar rage ƙiba ce. Yanzu Eli Lilly na Amurka ya shigo da nasa irin allurar, Mounjaro da Zepbound, yana cinye musu kasuwa. Me ya sa aka sauke shugaban Novo Nordisk a Mayun 2025 in lafiya lau ake? Gwamnatin Denmak da kanta ta rage hasashen bunƙasar tattalin arzikin shekarar daga kashi 3 zuwa 1.4. Haka faɗuwar Nokia ta yi wa Finlan.

Usman daga Aarhus: Nan Denmak ma kwatancen Nokia ɗin a bakin kowa yake. Amma Yaya Bashir, akwai abin da sai ka zauna a ƙasar za ka gane. Gidauniya ce ke riƙe da rinjayen ƙuri'a a kamfanin, don haka ba wanda zai saye shi rana ɗaya ya kwashe zuwa waje. Kuɗin gidauniyar kuma yana shiga binciken jami'o'i, har ɗakin gwajin da nake aiki akwai na'urar da aka saya da irin wannan tallafi. Sannan akwai wasu kamfanonin magani da kayan lafiya: ga Lundbeck, ga Genmab, ga Leo Pharma, ga Coloplast. Sai dai ba zan ɓoye ba, abokan karatuna da suka ɗauka aiki na jiransu yanzu sun fara aika takarda wasu wurare.

Alhaji Mai Kemis: Ku tsaya, su mutanen ƙasar kyauta ake ba su allurar?

Usman daga Aarhus: A'a ranka ya daɗe. Ganin likita da kwanciya asibiti haraji ne ke biya, amma Wegovy, allurar kamfanin ta rage ƙiba, yawanci daga aljihunka. Ozempic ɗin ma an tsaurara tallafinsa, sai an gwada magani mai araha tukuna.

Dakta Hadiza: Wannan shi ne abin da nake so Malam ya lura. Kasuwar cikin gida ƙarama ce, gwamnati ke matse farashi. Kuɗin daga waje yake zuwa, musamman Amurka. Asibitocin Denmak ba za su rufe don hannun jari ya faɗi ba. Damuwarsu ta gaske tsofaffi ne da ke ƙaruwa da ƙarancin ma'aikatan jinya.

Malam Bashir: Yauwa, kin faɗa da bakinki. Harajin da ke biyan asibitin daga ina? In Amurka ta matse farashi, baitulmalin Kopenhagen zai ji a jikinsa.

Alhaji Mai Kemis: Ni abin da nake jira daban ne. A 2026 haƙƙin mallakar semaglutide, sinadarin da ke cikin Ozempic da Wegovy, yake ƙarewa a Indiya da Sin da Brazil. In 'yan Indiya suka fara bugo nasu, to ya iso Sabon Gari da farashin da talaka zai iya. Matsalata firji ce kawai, don in wuta ta ɗauke kwana biyu, jarin ya tafi.

Dakta Hadiza: Alhaji, don Allah in ya iso kar a sayar wa kowa ba takardar likita. Na san halin 'yan mata da maganin rama.

Malam Bashir: Kun gani? Ribar Alhaji ita ce asarar Kalundborg. Usman, ka ci gaba da ba mu labari, mu ga wa zai biya shayi.